Kafin Shayi Akwai Jiƙo

A shekarata ta biyu a jami'a na yi wajen wata huɗu ba na samun barcin kirki. Duk wanda ya zauna ɗakunan ɗalibai a Yamai ya san yadda abin yake. Bayan isha'i a hura gawayi, a ɗora buta, a sha na farko mai ɗaci, a sha na biyu, a sha na uku, wai don ido ya buɗe a yi karatu. Ido kam yana buɗewa, amma kai ba ya ɗaukar kome. Sai wajen ƙarfe uku na dare in kwanta ina jin bugun zuciyata cikin kunne, da safe in shiga aji ina gyangyaɗi. Da sakamakon jarrabawa ya fito na faɗi darasi biyu, ɗaya daga ciki ma shi ne na fi so. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Da aka yi hutu na tafi garinmu, kusa da Tasawa. Kakata tana ganina ta riƙe baki ta ce, "Kai mijin nan nawa, mi ya cinye ka haka? Ko kishiya ka yi mini can Yamai ba ta ba ka tuwo?" Na ce mata shayi ne da rashin barci. Da marece ta aiki yaro ya karyo mata wasu rassa a bayan gari, ta tafasa ganyen, ta miƙo mini a ƙwarya. Na kurɓa na ce, "Kaka, wannan shayin gargajiyar naki ba laifi." Sai ta harare ni: "Wane irin shayi? Wanga geza ce. Tun shayi bai zo garin ga ba muke shan ta."

Ni da nake karatun ilimin harshe, sai maganar ta tsaya mini a rai. Ashe na ɗauki sunan baƙo na laƙaba wa ɗan gida. Daga ranar na shiga bin sawun kalmomin nan, kuma abin da na samo shi ne nake so in baje muku a nan.

Mu fara da shi kansa baƙon. Da yawa cikinmu muna zaton "shayi" daga "sha" ta fito, tun da abin sha ne. Kama ce kawai ta zo daidai. Itaciyar shayi, wadda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis, ƴar kudu maso yammacin ƙasar Sin ce da yankunan da ke maƙwabtaka da ita. Wajen shekara ta 760 wani malami mai suna Lu Yu ya riga ya rubuta littafi sukutum a kan nomanta da dafa ta da shan ta. Sinawa harafi ɗaya suke rubuta sunanta da shi, amma furucin ya bambanta: a mafi yawan ƙasar "ca" ake cewa, a gaɓar tekun Fujiyan kuwa "te".

Waɗannan furuci biyu kowane ya kama hanyarsa. "Ca" ta bi ta ƙasa tare da fatake, ta zama "cay" a Farisanci, da Turkanci, da harshen Rasha. Larabci ba shi da sautin "c", sai Larabawa suka mai da ita "shay", wasu kuma, kamar mutanen Libiya, suka ce "shahi". Hausa kuwa ba ta cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, sai muka ɗora mata wasali, ga "shayi". Ita kuma "te" ta bi ta ruwa. Ƴan kasuwar Holan, waɗanda suka fara kai ganyen Turai wajen 1610, daga bakin mutanen Fujiyan suka ji sunan. Daga nan Faransanci ya samu "te" ɗin da muke ji a lakkwal, Ingilishi ya samu "ti" ɗin da ake ji a tsallaken iyaka. Masana da yawa suna ganin "atay" ta mutanen Maroko ita ma daga wannan reshe take, kuma ita ce ta gangaro ta Muritaniya ta zama "ataya" a bakin Wolof na Senegal. Kenan in ka zauna wata fada a Yamai ka ji wani ya ce shayi, wani ya ce te, wani ya ce ataya, kalma ɗaya ce da ta rabu a ƙasar Sin, ta kewayo duniya ta hanyoyi daban, ta sake haɗuwa a kan tabarmarku.

A Maroko, a ƙarni na 18, shayi abin fadar sarki ne da manyan attajirai. Sai a ƙarni na 19 ya sauko ga talakawa, lokacin da ƴan kasuwar Ingila suka riƙa sauke koren ganye da sukari a tashoshin ruwa irin su Tanja da Mogador. Daga can ya shiga hamada tare da ayarin raƙuma, har ya zama abin da yau ba a raba Buzu da shi. Amma ku lura, mu Hausawa ba "atay" muka ara ba, "shay" muka ara. A nawa karatun, wannan yana nuna bakin da muka fara jin sunan: Larabawan Tarabulus da Gadamas da ke fatauci har Damagaram da Kano, da kuma alhazan da ke bi ta Sudan su dawo. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram babbar mashiga ce ta ayarin da ke zuwa Tarabulus. Hanyar da kaya ke bi, ita kalma ke bi.

Shayin fada da muka tashi muka tarar kuwa, bai kai ma iyayenmu shekaru ba. Bayan Taron Ƙasa na 1991, da karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, samari da yawa suka gama lakkwal ba aiki. A shekarun nan ne fadodin matasa suka yaɗu, daga Damagaram zuwa sauran garuruwa, buta da ɗan murhun gawayi suka zama tsakiyar zama. Ganyen kuma har yau daga Sin yake zuwa. Lambobin nan da kuke gani jikin kwali, 4011 ko 41022, matakan ingancin ganyen ne da masu fitar da shi ke sawa. Ban raina fada ba, a can na koyi muhawara, a can aka taɓa haɗa mini kuɗin mota ranar da aka yi mana rasuwa. Sai dai ganyen yana da kafeyin, kuma jiki yakan ɗauki wajen awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha. Wanda ya sha na farko ƙarfe goma na dare, ƙarfe uku rabinsa yana nan yana yawo cikin jini. Da na san wannan lissafin tun farko, da ban zargi aljanu ba.

To, kafin baƙon ya iso, me kakanninmu ke sha? Harshe ya adana amsar. Muna da jiƙo, abin da aka zuba wa ruwa aka bari ya saki. Muna da tsimi, wanda ake bari ya kwana ya yi ƙarfi. Muna da sassaƙe, na ɓawon itace, da dauri, wanda ake ba jarirai. Kowace kalma tana gaya maka yadda aka sarrafa abin, ko wanda aka yi dominsa. Faransanci ma yana da irin wannan rabo: abin da ba ganyen shayi ba "tizan" suke ce masa, kalmar da ta fito daga sunan ruwan sha'ir a tsohon Girkanci. Mu kuwa yau mun tattara duka mun zuba cikin kalma ɗaya: shayin citta, shayin zogale, shayin na'ana'a, shayin kanumfari.

Ku ɗauki yakuwa ku ga yawan sanin da ke cikin sunaye. Tsiro ɗaya ne, amma ganyensa yakuwa ne ko sure, jan kwanson da ake jiƙawa soɓorodo ko zoɓo, ƙwayarsa gurguzu, abin da ake yi da ƙwayar kuma daddawar batso. Mutanen da suka ba tsiro ɗaya sunaye har haka sun daɗe tare da shi. "Bisap" da muke cewa a birni aron Wolof ne. A Sudan da Masar karkade ake ce masa. Ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi, shi ya sa yau mutanen Jamaika ke shan sa da citta lokacin Kirsimeti, a Meziko kuma sunan abin shan ma "ruwan Jamaika". Wannan karon daga nahiyarmu kaya suka fita.

Kayan ƙamshin da muke zubawa su ma kowane da tarihinsa. Kanumfari daga "ƙaranful" ta Larabci, itacen kuma asalinsa tsibiran Maluku na Indunusiya, kafin a cika Zanzibar da gonakinsa a ƙarni na 19. Na'ana'a ita ma Larabci ce. Citta kuwa ta ba ni mamaki: tsofaffi suna rarrabe citta mai ƴaƴa da citta mai yatsu, tsiro biyu ne daban, amma yaran yanzu in ka ce citta, mai yatsun kawai suka sani. Irin waɗannan sunaye wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya tattara ya buga a 1916 cikin ɗan ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Shekara ɗari da ɗoriya kenan. Na ji kunya da na ga baƙo ya san geza, ni jikan mai geza ban san ta ba.

Kar ku ɗauka maganar suna wasan ƴan ilimin harshe ne. Da na koma Yamai na shiga kasuwa neman geza, ba wanda ya gane, sai da na ce kinkeliba. Wannan shi ne sunan da ta yi fice da shi a Senegal da Mali da Gine, inda ake shan ta da safe da kuma lokacin buɗe baki. Na saya wurin mutum biyu, da na zo ɗaki na baje sai na ga ganye iri biyu. Ɗaya gezar ce, Combretum micranthum, wadda a ƙauye ake saƙa kujeru da kwanduna da rassanta. Ɗayan kuwa raiɗore ne, Senna occidentalis, mai rawayar fure da dogon kwanso, wanda littattafan Faransanci ke kira kinkeliba ta ƙarya. Shi ma ana amfani da shi, amma ɗanyar ƙwayarsa guba ce ga dabbobi da ƙananan yara. A Hausa ba mai rikita geza da raiɗore. Sunan aro ne ya haɗe su. Haka nan filasko, in aka ce maka "shayi" ne ka cika kofi, ranar kai da bayan gida ne. Zoɓo ma yana ɗan saukar da hawan jini, don haka mai shan maganin likita ko mace mai ciki sai su tambaya kafin su mai da shi ruwan sha. Kasancewar abu na gargajiya bai hana shi iyaka ba.

Ganyen nan biyu su suka zama shafin farko na kayena. Na sayi kaye mai shafi 200, na riƙa danne ganye tsakanin tsofaffin takardun darasi, in ɗora ƙamus a sama har ya bushe, sannan in manna shi. A gefe in zana tsiron da fensir, in rubuta sunansa da Hausar garinmu, da yadda abokin ɗakina ɗan Tawa ke faɗa, da Zabarmanci in na samu mai gaya mini, da wanda ya ba ni labarin, da yadda ake sha. Ban iya zane ba. Zogalen da na fara zanawa, abokina ya ce ya fi kama da tsintsiya. Amma ba malamin da zai ba ni maki a kai, kuma wannan shi ne daɗin abin. Duk sauran abin da nake yi da biro a rayuwata, wani ne zai duba ya yanke hukunci.

Lokacin da a da nake zama gaban buta, yanzu rabin awa nake yi da kayen bayan isha'i, da kofin geza ko jiƙon tsamiya a gefe. Hannu yana aiki, kai yana hutawa daga lissafin jarrabawa da kuɗin da ba su iso ba. Shayi kuma ban bar shi ba, na dai mai da shi na rana, bayan azahar. Barci bai dawo dare ɗaya ba, ya ɗauki makonni, kuma ba zan ce muku geza maganin rashin barci ce ba. Abin da na sani, na rage kafeyin da dare, na samu abin yi da ba ya tsorata ni, kuma na samu dalilin kiran kakata duk Juma'a. Tana dariya ta ce, "Kai da aka kai lakkwal ka koyo na Nasara, ka dawo kana biɗar na tsohuwa." Darussan nan biyu na sake su na ci. Wanda kuma nasa ya wuce haka, ya yi makonni ba barci ko ya ji duniya ta ishe shi, ya je ya ga likita, kaye ba ya maye wannan.

Yanzu ina da tsiro 37 a kayen, kuma kusan rabinsu daga bakin mace ɗaya na same su, wadda ta haura shekara saba'in. Wannan shi ke tayar mini da hankali. Ƴan'uwa, hutu na tafe. In kun je gida, tsohuwa ta miƙo muku wani abu a ƙwarya, kar ku ce shayi. Ku tambaye ta sunansa, da inda yake fitowa, da wanda bai kamata ya sha ba. Ku tsinko ganye ɗaya ku sa cikin littafi. In mun dawo zaman ƙungiya na farko zan zo da kayena, akwai sauran shafuka da yawa, ina kuma neman wanda ya fi ni iya zane.