Ƙotar Takobi a Matsayin Shaidar Tarihi: Nazari daga Kano, Bida da Minna

Tsakure

Maƙalar ta yi nuni da cewa a wajen gano asalin takobin ƙasar Hausa da Nufe, ƙota ta fi ruwan takobin faɗin gaskiya. Ruwa kan zo daga nesa, ita kuwa ƙota aikin gida ce.

Gabatarwa

Da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba masu yawa daga Solingen ta Jamus, ta hanyar Sahara, sannan a saka musu ƙota da kube a cikin birni. Briggs (1965) ya bi sawun tambarin maƙeran Turai a jikin takubban Abzinawa, shi kuwa Bivar (1964) ya duba na fadojin Arewa. Sai dai tambari ba ya nuna hannun da ya riƙe makamin, balle ma maƙeran gida sun riƙa kwaikwayonsa, musamman tambarin tagwayen jinjirin wata.

Sigar ƙota

Ƙotar takobin Hausa kashi uku ce. Akwai kariyar hannu da aka gicciya tsakanin ruwa da mariƙi, faffaɗa, wadda dukawa kan lulluɓe da jar fata ko maƙeran fari su yi mata rufin tagulla. Sai mariƙin kansa, siriri kuma gajere, daidai tafin hannu ɗaya. Daga can ƙarshe sai dunƙulen kai, inda ake ratsa wutsiyar ruwan a daddaka bakinta har ta kama. Wannan kan ba ado kawai ba ne. Shi ke tare hannu kada takobi ya suɓuce idan mahayi ya kai sara daga kan doki.

Fata na cinyewa da gumi da damina, don haka takobi ɗaya kan ga ƙota biyu ko uku. Wanda ya ƙiyasta shekarun takobi da ruwansa kaɗai, rabin labari ya ji.

Bida da Minna

Nadel (1942) ya bayyana yadda maƙeran Bida suka kasu ƙungiya-ƙungiya ƙarƙashin fadar Etsu Nupe, na baƙi daban, na tagulla daban. Wannan rabon aiki ya sa ƙota da kuben tagulla masu zanen bugu suka zama abin da ake gane aikin Nufawa da shi. Bayan da sojojin Royal Niger Company suka ci Bida a 1897, takobi ya koma kayan hawan salla.

Tsarin saka wa ruwan waje ƙotar gida bai mutu ba, ya dai sauka daga fada zuwa gona. A Maitumbi da ƙauyukan Gwari na kewayen Minna, addar kamfani mai tambarin kada manomi ke saye. In katakon ƙotarta ya tsage, sai a kai wa maƙeri ya fafe sabo, ya ɗaure da ƙusa, ko a naɗe da robar tayar babur. Wannan ƙotar ta biyu ya kamata masu adana kayan tarihi su fara aunawa, su rubuta irin icen da sunan unguwar da aka yi ta.