Azuzuwan maraba a Jamus

Ajin maraba, wanda ake kira Willkommensklasse da Jamusanci, aji ne na musamman da ake buɗewa a makarantun ƙasar Jamus domin yaran baƙi da na 'yan gudun hijira waɗanda suka shigo ƙasar ba su jin Jamusanci. Ana koya musu harshen na wani lokaci, galibi shekara ɗaya, kafin a haɗa su da sa'o'insu a aji na yau da kullum. An fi amfani da wannan suna a Berlin. Da yake kowace jiha daga cikin jihohi 16 na ƙasar ita ke tafiyar da harkar iliminta, suna da tsari sun bambanta: a jihar Hessen ana ce masa Intensivklasse, a Bavariya kuma Deutschklasse.

Tarihi

Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Italiya a 1955, da Sifaniya da Girka a 1960, sannan da Turkiyya a 1961. An ɗauka cewa ma'aikatan 'yan ci-rani ne, za su yi aiki su koma gida. Bayan an dakatar da ɗaukar su a 1973, da yawa suka zauna, suka kuma ɗauko iyalansu. Makarantu ba su shirya wa hakan ba. A Berlin an riƙa ware yaran baƙi a azuzuwansu daban, kuma sai a 1995 aka soke wannan tsari.

Sakamakon gwajin PISA na farko, wanda aka fitar a Disambar 2001, ya nuna tazara mai faɗi tsakanin yaran baƙi da sauran ɗalibai. Azuzuwan maraba sun yawaita sosai a 2015, shekarar da masu neman mafaka kusan 890,000 suka shiga ƙasar, mafi yawansu daga Siriya da Afganistan da Iraƙi. Zuwa ƙarshen 2022 kuma, makarantun Jamus sun karɓi ɗalibai fiye da 200,000 daga Yukren.

Yadda ake gudanarwa

Dokar Tarayyar Turai ta 2013 ta ce kada a jinkirta karatun yaron da ke neman mafaka fiye da wata uku. Duk da haka lokacin da karatu ke zama tilas a kansa ya danganta da jiha: a Bavariya bayan wata uku ne, a Baden-Württemberg bayan wata shida.

Ajin bai cika yawa ba. A Berlin ana son ya kasance wajen ɗalibai 12. Amma ɗaliban ba su zo da ilimi iri ɗaya ba. Wani ya yi shekara takwas a makaranta, wani yaƙi ya hana shi shiga aji ko sau ɗaya, wani kuma ya iya karatu da rubutu sarai amma da haruffan Larabci ko na Tigrinya, sai ya koyi baƙaƙen Latin daga farko. Wasu makarantu kan bar yaran su halarci darussan wasanni da zane da kiɗa tare da sauran ɗalibai tun makon farko, domin a nan rashin harshe bai cika hana ruwa gudu ba.

Muhawara

Babbar matsalar ita ce ta lokaci. A 1979 masanin harshe Jim Cummins ya bambanta harshen hira ta yau da kullum da harshen da ake karatu da shi. Yaro kan iya na farkon cikin kamar shekara biyu, amma na biyun yakan ci shekara biyar zuwa bakwai. Saboda haka ɗalibin da ya fito daga ajin maraba yana iya zuba Jamusanci a filin wasa, malami ya zaci ya ƙware, alhali tambayar lissafi da aka rubuta da dogayen jimloli tana gagararsa. Wannan ya fi yin illa a Jamus, domin ana rarraba yara zuwa makarantun sakandare iri-iri bayan aji huɗu na firamare, ko aji shida a Berlin da Brandenburg. Hanyar jami'a ta fi bi ta makarantar Gymnasium, kuma yaron da aka auna shi kafin harshensa ya nuna zai iya rasa ta ba don ƙarancin basira ba.

Masu goyon bayan azuzuwan suna cewa yaro na buƙatar wurin da zai yi kuskure ba tare da jin kunya ba. Masu suka kuma suna ganin an raba shi da mutanen da ya fi dacewa ya koyi harshen a bakinsu, wato sa'o'insa Jamusawa, kuma suna tuna wa jama'a azuzuwan wariya na da. Wani bincike da cibiyar RWI ta fitar a 2022 kan makarantun firamare na Hamburg ya gano cewa yaran da suka bi ta ajin share fage sun samu maki ƙasa da na waɗanda aka sa kai tsaye a aji na yau da kullum. Binciken kan ƙananan yara aka yi shi, don haka bai kamata a ɗora shi a kan matashin da ya iso yana da shekara 15 ba.

Harshen gida

Wasu jihohi, musamman Nordrhein-Westfalen, suna koyar da yara harsunansu na gida a makaranta, kamar Turkanci da Larabci da Rashanci. A wasu jihohin kuwa an bar wannan aiki a hannun ofisoshin jakadancin ƙasashen da iyayen suka fito.