Tarihin Ɗafa-goshi da Ɗafa-ƙeya na Asali a Harshen Ingilishi

Duk wanda ya buɗe babban ƙamus na Ingilishi, ya bi kalmominsa yana binciken nasabar kowace, zai tarar mafi yawansu baƙi ne, waɗansu daga Latin, waɗansu daga Faransanci, waɗansu kuwa daga Yunananci. Amma in ya rufe ƙamus ya kasa kunne ga abin da mutane ke faɗi a gida da kasuwa, sai ya ji kalmomin da suka fi yawo a baki, irin su bread da water da house da mother, duk 'yan gida ne, gadon wani harshe da malaman lugga ke kira Tsohon Ingilishi, watau harshen Angulo-Sakson. Kuma ba kalmomi kaɗai aka gada ba, har da 'yan gutattakin nan da ake liƙa wa kalma a gaba ko a baya don a juya ma'anarta, waɗanda masu nahawu ke kira ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, kamar dai yadda Bahaushe ke sa ma- ya sami maɗinki, ko ya sa -ntaka ya sami jaruntaka.

Asalin harshen daga ƙetaren teku yake. Bayan da mulkin Rumawa ya kau daga tsibirin Birtaniya a farkon ƙarni na 5 na Miladiyya, sai waɗansu kabilu daga arewacin Jamus da ƙasar Denmak, su ne Angil da Sakson da Jut, suka yi ta ƙetarowa suna zaunawa. Malamin nan Bede, wanda ya kammala littafinsa na tarihi a shekarar 731, ya sa farkon zuwansu wajen 449. Da addinin Nasara ya iso musu ta hannun Augustine a 597, tare da littattafan Latin cike da ma'anonin da ba su da suna a bakinsu, sau da yawa sai su ƙi ɗaukar lafazin baƙo, su haɗa nasu: ilmin hisabi suka ce rimcraeft, sana'ar ƙidaya, ilmin falaki suka ce tungolcraeft, sana'ar taurari, Linjila kuwa suka fassara ma'anar sunanta, suka ce godspell, kyakkyawan labari, wanda shi ne ya zama gospel.

Wannan al'ada ta haɗa kalma da kalma ita ce mahaifar ɗafa-ƙeya da yawa, gama galibinsu a da cikakkun kalmomi ne masu zaman kansu, yawan bin bayan waɗansu ne ya sa suka sanƙame, har masu harshen suka manta da abin da suke nufi. Ɗafin -dom na kingdom da freedom da wisdom, asalinsa dom ne, watau hukunci ko shari'a, kuma har yanzu yana raye shi kaɗai a lafazin doom, inda doomsday ke nufin Ranar Hisabi. Ɗafin -hood na childhood daga had yake, wato muƙami ko hali. -Ship na friendship kuwa ɗan'uwan shape ne, siffa. Amma wanda ya fi ban sha'awa shi ne -ly, wanda ba a iya karanta shafi guda na Turanci ba a gamu da shi ba, domin asalinsa lic ne, ma'anarsa jiki, ta yadda manly a haƙiƙa mai jikin namiji ke nan, kafin ma'anar ta tashi daga jiki ta koma kama, daga kama ta koma hali. Ita kalmar lic ba ta ɓace sarai ba. A ƙauyukan Ingila, a bakin maƙabartar coci, akan ga wata 'yar ƙofa mai rufi, inda a da akan ajiye makara a jira limamin coci ya fito. Sunanta lychgate, ƙofar gawa, kuma ba lalle ne mai wucewa ta cikinta ya san wannan lych ɗin shi ne wutsiyar quickly da slowly ba. Haka kuma -less na fearless, wanda ya yi daidai da maras na Hausa, ko da yake ya yi kama da kalmar less mai nufin kaɗan, ba danginta ba ne. Daga leas yake, wanda ya kuɓuta daga abu.

Su ɗafa-goshi ba su yi sa'a irin ta 'yan'uwansu ba. Gaskiya ne un- da mis- da over- da under- suna nan da ƙarfinsu, amma waɗansu sun daina haihuwa tuntuni. With a da gāba take nufi, shi ya sa withstand ke nufin tsayayya da abu. Kalmar da ke nufin tare a lokacin mid ce, wadda ta saura a cikin midwife, ungozoma, watau matar da ke tare da mai naƙuda. Ɗafin for- ya tsaya a forget da forgive da forbid da 'yan kaɗan. Shi kuwa ge-, wanda ya cika littattafan zamanin Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, kuma har yau yake aiki a Jamusanci, sai ya yi ta narkewa har bai bar kome ba sai wasali guda, kamar na farkon enough da aware, da na tsakiyar handiwork.

Babban sanadin wannan koma-baya shi ne abin da ya faru a 1066, sa'ad da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da alƙalai, Latin ya riƙe coci da makaranta, Ingilishi ya koma bakin talakawa. Ba a hukunta a riƙa yin shari'a da shi a kotu ba sai a 1362, ita ma dokar da Faransanci aka rubuta ta. Cikin wannan zamani kalmomi na asali masu yawa suka mutu, baƙi suka gaje wurarensu. Sai dai baƙin da suka shigo, ɗafi na gida aka yi ta liƙa musu, aka sami beautiful da gentleness da dukedom da princely, saiwa ta Faransanci, ƙeya ta Sakson. Wani lokaci kuma a juya, kamar a eatable da goddess. Daga nan ne ma rikicin da ke wahal da ɗalibai ya samo asali, inda ake cewa unable amma inability, unjust amma injustice, domin un- na gida da in- na Latin sun raba gado ba bisa wata ƙa'ida tsayayya ba.

An sami masu kishi da suka so su mai da hannun agogo baya. Sir John Cheke, malamin Yunananci a Kambirij a ƙarni na 16, ya fassara Linjilar Matta yana guje wa lafuzzan aro, har ya kira jarumin Rumawa mai shugabancin sojoji ɗari hundreder; a ƙarni na 19 kuma William Barnes na Doset ya kawo shawarar a ce wortlore maimakon botany. Jama'a ba su bi su ba, kuma da wuya a ga laifinsu, tun da kalmar da ta yi shekaru ɗaruruwa a bakin mutane ta riga ta zama tasu. Duk da haka ɗafin kansu ba su gaji ba, ga boredom da stardom nan da aka ƙera a ƙarni na 19 da -dom ɗin nan na dauri.

Ɗaya daga cikinsu ma ya iso ƙasar Hausa a ɓoye. Ɗafin -er mai nuna ma'aikaci, wanda a Tsohon Ingilishi -ere ne, kamar a baecere, mai gasa gurasa, Turawan Ingila ba su furta r ɗinsa na ƙarshe, saboda haka kunnen Bahaushe -a ya ji, ya ce direba, ya ce tica. Sa'an nan ya ɗora musu nasa jam'in, ya ce direbobi.