Teburin jikin bango a gida: yadda za a kafa shi ba tare da cutar da baya ko raunata yara ba

Teburin jikin bango shi ne wanda ba shi da ƙafafu, ana ɗaure shi da bango ne da matokaran ƙarfe. A garin kan iyaka irin Jibia, inda hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta ratsa, 'yan kasuwa da ɗalibai da masu sana'ar POS kan yi lissafi ko karatu a gida, a ɗakin da gado da kayan iyali suka riga suka cika. Irin wannan tebur yana rage cunkoso. Sai dai illa biyu na iya biyo baya: ciwon baya da wuya idan tsayinsa bai dace da mai zama ba, da rauni idan ya ɓalle ya faɗo.

Fara da bango

Ƙarfin teburin ƙarfin bangon ne.

- Bangon ƙasa: ba ya riƙe ƙusa ko noti da nauyi a kai, balle da damina idan ya sha danshi. A nan a sa wa teburin ƙafafu biyu a gaba, bango ya zama majingina kawai.
- Bulon siminti mai rami: fatarsa siririya ce, tana iya farfashewa. A nemi inda bulon yake a cike, ko a huda bango gaba ɗaya a zura dogon noti, a ɗaure shi da farantin ƙarfe ta baya.
- Ginshiƙin kankare ko bulo cikakke: shi ya fi riƙo.

Filasta kaɗai ba ta ɗaukar nauyi. Bangon da ya tsage, ko yake zubar da gari idan an kankare shi da ƙusa, a bar shi.

Me ya sa yake ɓallewa?

Nauyin da ke bakin tebur yana fizgo notin sama daga bango. Idan faɗin teburin daga bango santimita 50 ne, kuma ɓangaren matokarin da ke kwance a bango santimita 25 ne, yaro mai kilo 20 da ya rataya a baki zai ja notocin sama da ƙarfin kusan kilo 40. Saboda haka:

- Kada faɗin ya wuce santimita 40 zuwa 50.
- A sa mai walda ya yi matokari mai kusurwa uku, da ƙarfen da ya tokare a karkace.
- Tsakanin matokari da matokari kada ya wuce santimita 60.
- A zaɓi busasshen katako mai kauri, a yi masa maganin gara. Allon garin katako da aka matse yana kumbura idan ya jiƙe.
- Kafinta ya goge kusurwoyi su zama masu lanƙwasa, don suna daidai da goshi da idon ƙaramin yaro.

Tsayin da ya dace da jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙugu a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. Tebur da aka kafe ba ya matsawa, don haka a auna kafin a huda. Mai amfani da shi ya zauna a kujerar da zai riƙa zama, tafin ƙafarsa a ƙasa, kafaɗu a sake, gwiwar hannu a lanƙwashe. Inda gwiwar hannun ta tsaya, nan ne saman tebur. Ga yawancin manya yakan kama santimita 70 zuwa 75 daga ƙasa. Idan ya yi sama, kafaɗu da wuya za su riƙe. Idan ya yi ƙasa, mutum zai yini a duƙe.

Saman fuskar kwamfuta ya zo daidai da ido, nisan hannu guda. A tashi a miƙe duk bayan rabin awa. Yaro mai karatu a sa masa matashi a kujera da abin taka ƙafa.

Ranar aiki

A kashe wutar gida ko ta sola, kuma kada a huda sama ko ƙasa da soket da makunni, nan waya ke bi. Ƙurar siminti na tayar da asma, tana shiga ido: a buɗe taga, a sa takunkumi da tabarau, a fitar da yara da masu ciwon ƙirji. Bayan an gama, a ɗora nauyi kaɗan-kaɗan babu kowa a ƙarƙashi. A sake duba notoci bayan mako guda, da kuma ƙarshen kowace damina. Kada a shimfiɗa wa jariri ko mara lafiya a ƙarƙashinsa, kada kuma a ajiye batirin sola, risho ko tafasasshen ruwa a kai.

Idan ya faɗo wa mutum

A danne inda ke jini da tsabtataccen ƙyalle. A garzaya Babban Asibitin Jibia ko asibiti mafi kusa idan aka ga:

- suma, ko da ta ɗan lokaci ce
- amai fiye da sau ɗaya, jijjiga, ko barcin da ake wahalar tashinsa
- jini ko ruwa daga kunne ko hanci
- hannu ko ƙafa ta karkace ko ta kumbura, ko an kasa taka ta

Idan yana kukan wuya, kada a sunkuce shi, a ɗauke shi a miƙe kan abu mai ƙarfi. Wanda ƙusa ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanus. Karaya tana buƙatar hoto kafin ɗori, domin ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe. Idan abin ya yi tsanani, akan tura mara lafiya Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Ciwon bayan da ya wuce mako shida, ko ya zo da kasalar ƙafa, zazzaɓi, rama ko kasa riƙe fitsari, ba na tebur ba ne kawai. A ga likita, kuma idan akwai kasalar ƙafa ko matsalar fitsari, a je a ranar.