Kuturtar hatsi: yadda aka gano dabarar tsohuwar abokiyar gaba

Duk manomin Afala, a ƙasar Adar, ya san ta da ido. Ganyen hatsi ya ɗashe tun daga gindi, da sassafe ka ga farin gari a ƙarƙashinsa, in ya fid da kai kuma zangarniya ta cika da ƙananan ganye maimakon tsaba. Ita ce malaman gona ke kira kuturtar hatsi.

An daɗe ana ganinta kafin a san mai haddasa ta. Masanan Turai suka bayyana ƙwayar a 1876, daga baya aka raɗa mata suna Sclerospora graminicola. Dangi ce ga wadda ta halaka dankalin Ailan a 1845. Da farko an jera su cikin naman gwari, sai bincike ya nuna zumuntarsu ta fi kusa da gansakukar teku. Ruwa ne rayuwarsu: da dare mai laima suke hayayyafa, 'ya'yansu su yi iyo cikin raɓa zuwa sabon tsiro. Da damina ta ɗauke, sai ƙwayar ta yi ɓawo mai kauri ta kwanta cikin ƙasa, ta jure zafin bazara shekara da shekaru.

Indiya ta ɗanɗana kuɗarta. A 1971 cutar ta abka wa irin HB3 da manoma suka rungumi shukawa, aka yi mummunar asara. Daga nan aka duƙufa neman iri mai juriya, aikin da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta kawo Sadore kusa da Yamai, tare da INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar. Aka kuma samu maganin cuɗa iri kamar Apron Star.

Amma me ya sa iri mai juriya ke gazawa bayan 'yan shekaru? An fara samun amsa a 2009, da aka karanta ƙwayoyin gadon cutar dankali, sannan na kuturtar hatsi a 2017. Ashe kowane matakin rayuwar ƙwayar da ƙwayoyin gadon da ake kunnawa: na iyo daban, na huda ganye daban, na kwanciya daban. A 2013 an ga wata danginta mai kama waken suya tana kashe ƙwayar gadon da shuka ke gane ta da ita, ta shige ba a sani ba.

Saboda haka manomi kada ka dogara da iri ɗaya. Cuɗa iri da magani kafin shuka, ka tumɓuke duk tsiron da ya kamu ka ƙone shi tun bai zuba ƙwaya a ƙasa ba.