Yadda Kamfanin Sony Ya Maido Da Amanar Jama'a

Wani mai sauraronmu daga Wudil a Jihar Kano, wanda ya ce yana harkar shanu a kara ranar Juma'a, ya aiko da tambaya. Ya ce wai shin idan ɓarayi suka sace bayanan masu hulɗa da kamfani, irin kamfanonin wasan nan da yara ke bugawa a talabijin, yaya kamfanin yake yi jama'a su sake yarda da shi?

To Malam, misalin da ya fi shahara shi ne na kamfanin Sony na ƙasar Japan, mai ƙera PlayStation. A watan Afrilun 2011 ɓarayin intanet suka kutsa rumbun ajiyarsa, suka kwashi sunaye da adireshi da ranakun haihuwa na masu asusu wajen miliyan 77. Ranar 20 ga wata kamfanin ya rufe wasan ta intanet, amma bai faɗa wa jama'a an yi sata ba sai ranar 26. Wannan shirun na kwana shida ya ƙona wa mutane rai ƙwarai.

Da kamfanin ya ga ba sarki sai Allah, ranar 1 ga Mayu babban jami'insa Kazuo Hirai da wasu manya biyu suka fito gaban 'yan jarida a Tokyo, suka sunkuya suka nemi gafara. Bayan kwana 23 a rufe aka fara buɗewa, aka tilasta wa kowa canja lambar sirrinsa, aka ba su wasanni biyu kyauta. Kamfanin ya ƙiyasta asararsa a kan dala miliyan 171, kana a 2013 hukumar Ingila ta ci shi tarar fam 250,000. Duk da haka, da PlayStation 4 ta fito a Nuwamban 2013, an sayi fiye da miliyan ɗaya a rana guda a Amurka da Kanada.

Kai ma ka san haka abin yake a kara. Dillalin da saniyar amana ta ɓace a hannunsa, in ya je ya gaya wa mai ita tun da wuri, ya biya, ya gyara turkensa, gobe ma za a kawo masa. In kuwa ya yi shiru har mai ita ya ji a bakin wani, to maido da yarda sai an sha wuya.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.