Ina Shamuwa Take Zuwa In Damina Ta Wuce?

Wannan makon mun ɗan ajiye labarin soyayya, saboda wata tambaya da ɗan ƙanena ya yi min a ƙofar gidanmu da ke Babban Giji. Ya ce, "Baba, wai shamuwa in damina ta wuce ina take tafiya?" Wallahi sai na yi tsuru-tsuru.

Tun kakanni an san zuwan shamuwa busharar ruwa ce, shi ya sa ba a jifanta. A nan take sheƙa ta yi ƙyanƙyasa, in kaka ta yi sai ta bi ruwan sama zuwa gabashi da kudancin Afirka.

Su ma Turawa sun daɗe cikin duhu, har wasu masanansu na cewa tsattsewa a cikin taɓo take kwana duk hunturu. Sai a 1822, a kusa da garin Klütz na Jamus, aka harbo wani farin tsuntsu ɗan uwan shamuwa, da mashin Afirka soke a wuyansa. Da shi ya keto sahara da teku! Har yau yana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmark, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, duk inda aka tsinci zoben a san hanyar da suka bi.

Aikin ya iso har Kano. A 1981 Sharland da Wilkinson suka wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus. Fadamar Haɗeja da Nguru kuwa masauki ce ta agwagin ruwa daga Turai, har Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989. Sai dai tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ruwan da ke malala fadamar ya ragu.

A unguwarmu ma manyan bishiyoyin da na tashi na gani sun zama shaguna. Baƙuwar da ta zo ba ta tarar da masauki ba, ai ba za ta dawo ba. Na saya wa yaron littafin rubutu, na ce ya riƙa rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa kowace shekara, mun kuma dasa darbejiya a ƙofar gida. Allah Ya raya mana ita, amin.

Sai mun haɗu a mako na gaba.